Horar da Ma'aikata da Bunƙasar Cibiya a Gidajen Kula da Tsofaffi: Nazarin Gwaje-gwajen Ingila, 2006 zuwa 2020

Tsakure

Takardar ta dubi alaƙar da ke tsakanin horar da ma'aikata da tsarin cibiyar da suke aiki a cikinta, inda ta ɗauki gidajen kula da tsofaffi masu cutar mantuwa na Ingila a matsayin fagen nazari. An kwatanta manyan gwaje-gwaje huɗu da aka wallafa tsakanin 2006 da 2020, aka auna su da ƙa'idojin horon shiga aiki na ƙasar da kuma alƙaluman barin aiki. An gano cewa ingancin darasi kaɗai bai isa ya sauya yadda ake kula da tsoho ba. Abin da ya raba gwajin da ya yi tasiri da wanda bai yi ba shi ne bin ma'aikaci har bakin aikinsa bayan darasi, da kuma lokaci da goyon bayan da shugaban gida ya ba shi.

1.0 Gabatarwa

Kulawa ta dogon zango ita ce hidimar yau da kullum da ake yi wa mutumin da tsufa ko naƙasa ko doguwar jinya ta hana shi yi wa kansa: wanka, sanya tufafi, ciyarwa, kai shi bayan gida, da juya shi a kan gado don kada gyambon kwanciya ya kama shi. A Ingila, mafi yawan wannan aiki ba likitoci ko ma'aikatan jinya masu rajista ke yin sa ba. Masu kula ne waɗanda albashinsu ke kusa da mafi ƙarancin albashi na ƙasar, kuma ba su da hukumar rajista ta sana'a, saɓanin takwarorinsu na Sikotlan da Wales da Ailan ta Arewa. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na mazauna irin waɗannan gidaje suna da cutar mantuwa ko matsananciyar matsalar tunawa. Ke nan, aiki mafi wahalar fahimta ya faɗa hannun ma'aikata mafi ƙarancin horo.

Manufar takardar ita ce amsa tambaya ɗaya: a wane yanayi ne horon da aka ba ma'aikaci yake isa ga tsohon da yake kula da shi? An yi amfani da "cutar mantuwa" a nan da nufin lalacewar ƙwaƙwalwa da ke taɓa tunani da magana da ɗabi'a, wadda Bahaushe ya saba kira gigin tsufa ko ruɗewa, ko da yake ba kowane tsoho take kamawa ba. "Bunƙasar cibiya" kuwa na nufin shiryayyen gyara na yadda cibiya ke tafiyar da kanta, wato shugabanci, rabon aiki, jadawalin aiki, hanyar kai ƙorafi da al'adar wurin aiki.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Kirkpatrick (1959) ya kasa auna horo zuwa matakai huɗu: yadda mahalarta suka ji daɗinsa, abin da suka koya, sauyin da aka gani a aikinsu, da sakamakon da cibiya ta samu. Amfanin wannan rabo shi ne ya fallasa cewa mafi yawan masu shirya bita a mataki na ɗaya ko na biyu suke tsayawa. Baldwin da Ford (1988) sun ƙara da cewa komawar horo zuwa aiki ta dogara ne ga abubuwa uku: halin wanda aka horar, tsarin horon, da yanayin wurin aiki, musamman goyon bayan na gaba da shi da samun damar aikata abin da ya koya. Tun kafin su, Lewin (1947) ya nuna cewa ɗabi'ar mutum a wurin aiki tana ɗaure da ta ƙungiyar da yake ciki, don haka sauya rukuni ya fi ɗorewa a kan sauya mutum shi kaɗai.

A fagen cutar mantuwa, Tom Kitwood na Jami'ar Bradford shi ne ya juya akalar tunani. A littafinsa na 1997, Dementia Reconsidered, ya yi bayanin cewa wani kaso na taɓarɓarewar majinyaci ba daga ƙwaƙwalwarsa yake zuwa ba, daga mu'amalar da ake yi da shi ne. Ya lissafa ɗabi'u 17 masu zubar da mutuncin majinyaci, waɗanda ma'aikata ke yi ba da mugun nufi ba. Daga ciki akwai mayar da shi yaro, yaudararsa don ya yi biyayya, yin magana a kansa kamar ba ya wurin, da yi masa gaggawar da ta fi ƙarfinsa. Abin da ya ba da a madadin haka shi ne wanda takardar za ta kira kulawar mutuntawa: sanin tarihin mutum da abin da yake so, da ɗaukar rashin natsuwarsa a matsayin saƙo na wata buƙata da ya kasa furtawa.

Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya nuna tsadar rashin wannan fahimta. Ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 masu cutar mantuwa ake ba magungunan taɓin hankali, alhali waɗanda ke amfana da su ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na haddasa ƙarin mutuwar kusan mutum 1,800 a shekara. Kafin a kai ga maganin, galibi mai kula ne ya rasa yadda zai yi da tsohon da ke ihu ko kai duka.

Wannan ya buɗe kasuwar horo, sai dai kasuwar ta riga hujja. Fossey da abokan aikinta (2014) sun tattara littattafan horo 170 da ake amfani da su, suka tarar huɗu kacal aka taɓa gwadawa a gwajin asibiti. Surr da abokan aikinta (2017) sun bi nazarce-nazarce 152, suka fitar da siffofin horo mai amfani: a yi shi ido da ido, mai koyarwa ya zama gogagge, jimillarsa ta kai awa takwas ko fiye, kowane zama kada ya gaza minti 90, kuma a haɗa shi da aikin da mahalarta ke yi. Giɓin da ya rage shi ne, waɗannan siffofi na darasi ne. Ba su faɗi abin da ke faruwa ranar da ma'aikaci ya koma aiki ba.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na kwatance ne, kuma ya dogara ga ayyukan da aka wallafa. An zaɓi gwaje-gwaje huɗu bisa sharuɗɗa uku: an yi su a gidajen kula da tsofaffi na Ingila, an raba gidajen gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wato rukunin gwaji da rukunin kwatanci, sannan an auna sakamakon a jikin mazauna gidan, ba a takardar jarrabawar ma'aikata ba. An karanta kowane gwaji da ma'aunin Baldwin da Ford, aka fi mai da hankali ga yanayin wurin aiki. Gwaje-gwajen sun sha bamban a tsawon lokaci da ma'aunan da suka yi amfani da su, saboda haka kwatancen yana nuna inda hujja ta karkata ne, bai kai matsayin tabbatar da sanadi guda ba.

4.0 Nazari

4.1 Horon shiga aiki

Bayan rahoton Francis na Fabrairun 2013 kan sakacin da aka yi wa majinyata a asibitin Mid Staffordshire, gwamnati ta ɗora wa 'yar jarida Camilla Cavendish binciken horon mataimakan jinya da masu kula. Rahotonta na Yulin 2013 ya nuna cewa kimanin ma'aikata miliyan 1.3 ne ke wannan aiki ba tare da wani mizanin horo na bai-ɗaya ba, har ta ambaci waɗanda faifan bidiyo kawai aka miƙa musu kafin a tura su gidajen mutane. Daga nan aka samar da takardar shaidar kulawa, Care Certificate, a watan Afrilun 2015, mai ƙa'idoji 15 a lokacin, da ake son sabon ma'aikaci ya kammala cikin mako 12. Sun haɗa da kiyaye sirri da mutunci, abinci da ruwan sha, kare manya daga cutarwa, da hana yaɗuwar cuta.

Ci gaba ne, amma mai iyaka. Doka ba ta wajabta takardar kai tsaye ba, kuma gidan da ya ɗauki ma'aikaci shi ne mai koyarwa, shi ne mai jarrabawa, shi ne mai sa hannu. Don haka gidaje ba su cika yarda da takardar junansu ba, sau da yawa sai an sa ma'aikaci ya maimaita. Amurka ta bi wata hanya tun dokar 1987, wadda ta wajabta awa 75 na horo ga mataimakan jinya a gidajen da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Hanyoyin biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: suna ƙirga abin da aka zuba wa ma'aikaci, ba sa duban gidan da zai yi aiki da shi.

4.2 Gwaje-gwajen da aka bi ma'aikata har bakin aiki

Gwajin Fossey da abokan aikinta (2006) ya ƙunshi gidaje 12 a Landan da Newcastle da Oxford. A gidajen gwaji, wani ƙwararre, ko masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin jinya ko mai koyar da ayyukan farfaɗowa, yana zuwa kwana biyu a kowane mako har tsawon wata goma. Yana koyarwa, yana aiki tare da masu kula, yana zama da su a tattauna matsalar wani majinyaci takamaimai. Bayan wata 12, masu shan magungunan taɓin hankali a gidajen gwaji sun kasance kashi 23.0 cikin ɗari, a gidajen kwatanci kuwa kashi 42.1, kuma rashin natsuwar mazauna bai ƙaru ba sakamakon rage maganin.

Tsarin yana da tsada, domin ba kowane gida zai samu ƙwararre kwana biyu a mako ba. Shirin WHELD, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Clive Ballard, ya nemi hanya mai sauƙi. An gwada shi a gidaje 69 da mazauna 847 na tsawon wata tara, aka wallafa sakamakon a 2018. An zaɓi ma'aikata biyu a kowane gida a matsayin jagorori, aka horar da su kwana ɗaya a wata har wata huɗu, su kuma su koyar da sauran. Mai horaswa bai yanke ƙafa ba, ya ci gaba da zuwa gidan har ƙarshen shirin. An kuma nemi kowane mazauni ya samu aƙalla minti 60 a mako na hira ko wani aiki da ya dace da tarihinsa. An samu ƙaruwar ingancin rayuwa da raguwar rashin natsuwa. Girman sauyin ƙarami ne, kuma ya kamata a faɗi haka, amma an same shi cikin kuɗin da bai wuce na kulawar da aka saba ba.

4.3 Gwaje-gwajen da aka bar wa gida

Nan ne gizo ke saƙa. Taswirar kulawa, wadda aka fi sani da DCM, dabara ce da aka gina kan tunanin Kitwood. Mai lura yana zama a falon gida har tsawon awa shida, yana bin wasu mazauna ƙalilan da ido, yana rubuta abin da kowannensu ke yi da halin da yake ciki duk bayan minti biyar. A ɗauka lokacin abincin rana ne. Mai kula tana tsaye a gefen wata tsohuwa, cokali na bin cokali tun ba ta haɗiye na farko ba, ita kuma mai kular tana hira da abokiyar aikinta ta saman kan tsohuwar. Tsohuwa ta kau da kai, ta ture kwano. A littafin gida za a rubuta cewa ta ƙi cin abinci. A takardar mai lura kuwa za a ga gaggawa da ko-in-kula, biyu daga ɗabi'un da Kitwood ya lissafa. Bayan lura sai a tara ma'aikata a nuna musu abin da aka gani, a tsara gyara, a sake dubawa bayan watanni. Ke nan dabarar kanta ta bunƙasar cibiya ce, ba darasin aji ba.

Gwajin EPIC, wanda Farfesa Claire Surr ta Jami'ar Leeds Beckett ta jagoranta, aka kuma wallafa a 2020, ya gwada dabarar a gidaje 50, 31 na gwaji, 19 na kwatanci. An horar da ma'aikata biyu daga kowane gidan gwaji na kwana huɗu, aka nemi su yi zagaye uku na lura da gyara. Ƙwararre daga waje ya taya su zagayen farko kawai. Bayan wata 16 ba a samu bambanci a rashin natsuwar mazauna ba. Dalilin yana cikin bayanan aiwatarwa: kusan gida ɗaya cikin huɗu ne kawai ya wuce zagayen farko. Da ƙwararren ya tafi, aikin ya tsaya a mafi yawan gidajen.

Bai dace a karanta wannan a matsayin hukunci kan dabarar ba, tunda a galibin gidajen ba a yi ta yadda aka tsara ba balle a ce ta gaza. Hukunci ne kan zaton cewa ma'aikata biyu da aka horar za su iya juya gida. Kafin mai kula ta zauna awa shida tana lura, sai an cire ta daga jadawali an samo wadda za ta maye gurbinta. Kafin ta rubuta rahoto, tana buƙatar kwamfuta da lokaci da sabo da rubutu. Mafi wuya shi ne ta tsaya gaban abokan aikinta, wasu sun girme ta a aiki, wasu suna gaba da ita a muƙami, ta faɗa musu kurakuransu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da horon kwana huɗu zai samar.

Gwajin MARQUE na Livingston da abokan aikinta (2019) ya ƙarfafa wannan fahimta ta wata fuska. An ba da darussa shida a gwajin da ya ƙunshi gidaje 20, mafi yawan ma'aikatan sun halarta, amma bayan wata takwas rashin natsuwar mazauna bai ragu ba. A ma'aunin Kirkpatrick, an ci matakin farko, an faɗi a na huɗu.

4.4 Shugaban gida da barin aiki

Dokar Ingila ta wajabta wa kowane gida manaja mai rajista da hukumar sa ido ta CQC. Binciken da ya bi sawun gwajin EPIC ya nuna cewa wannan manaja shi ne mabuɗi: inda ya fahimci shirin, ya ware lokaci, ya halarci zaman tattaunawa, aiki ya tafi; inda aka sauya shi ana tsaka da shiri, sabon ya zo da nasa abubuwan da ya sa a gaba. Abin lura shi ne yawancin shirye-shiryen horo ma'aikatan ƙasa suke nufa, su bar mutumin da jadawali da kasafin kuɗi ke hannunsa.

Alƙaluman hukumar Skills for Care sun nuna cewa a shekarar 2022/23 yawan barin aiki a fannin kula da manya ya kai kashi 28.3 cikin ɗari, wato kusan mutum 390,000, ga kuma guraben aiki 152,000 da ba a cike ba. A gidan da sama da ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ke tafiya duk shekara, horo ya zama tufka da warwara. Asarar ta wuce ta darasi. Kulawar mutuntawa tana tsaye ne kan sanin mutum: wace ce ba ta yarda namiji ya yi mata wanka, wane ne ke firgita da yamma saboda lokacin tashinsa daga aiki ne a da. Irin wannan sani a kan ma'aikaci yake, da shi kuma yake tafiya. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa waɗanda ake horaswa sun fi daɗewa a aiki, sai dai ana iya fassara hakan ta fuska biyu, domin gidan da ke horaswa galibi shi ne mai kyakkyawan shugabanci tun asali.

4.5 Ma'aikata baƙi

A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe wa masu kula daga ƙasashen waje ƙofar bizar ma'aikatan lafiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi tura mutane, tare da Indiya da Zimbabuwe. A Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Dubban da suka riga suka shiga suna nan a bakin aiki, kuma lamarinsu ya fito da batun takardar fili ta hanya biyu. Ma'aikaciyar da ta tashi a inda ba a kiran dattijo da sunansa tana zuwa da girmama na gaba, wanda jari ne babba, amma tana buƙatar wanda zai nuna mata karin harshen tsofaffin yankin da abincinsu da abubuwan da suke tunawa. Wannan aikin abokan aiki ne na tsawon watanni. Na biyu, bizarta tana ɗaure da gidan da ya ɗauki nauyinta. An koya mata cewa wajibi ne ta kai rahoton cutarwa, alhali zamanta a ƙasar yana hannun wanda za ta kai ƙara. Darasin kare majinyaci ba zai warware wannan ba sai an gyara tsarin da ya ɗaure ta.

5.0 Abin da Ya Shafi Nijeriya

A ƙasar Hausa kula da tsoho har yanzu a cikin gida ake yin sa, a hannun mata da 'ya'ya da surukai, don haka ba za a kwafo tsarin Ingila yadda yake ba. Duk da haka hukumomi sun fara shiga fagen. An yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. A wajen horar da masu kula, salon da aka saba da shi sananne ne: bitar kwana uku a otal, alawus, hoton rukuni da takardar shaida. Wannan salo bai kai ko na gwajin EPIC ba, wanda aƙalla ya tura ƙwararre zagaye ɗaya.

Takardar tana kira ga hukumomin jin daɗin jama'a na jihohi da kwalejojin koyon aikin jinya da ƙungiyoyin da ke ba da tallafi da su fara horo daga kan shugabannin cibiyoyi, su auna nasararsa a jikin tsofaffi, kuma su mayar da duk wani kasafin horo da bai ware kuɗin mai bibiya na aƙalla wata tara ba.